Da ƙura ko da kwalliya? Yadda faifan Mdou Moctar na bainar jama'a ya raba kan masoya a Dole Kaina

Duk wanda ya san Dole Kaina ya san gari ne na shige da fice. Ga Kogin Kwara a gefe, ga ƙasar Nijar a maƙale da shi, sannan Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin ba su da nisa. Ta ruwa kuma jirage na zirga-zirga zuwa Lolo da sauran garuruwan ƙasar Bagudo. Naira na ci, sefa ma na ci. To, ba shinkafa da kifi kaɗai ke tsallaka wannan iyaka ba. Har da waƙa, kuma ita ba ta tsayawa a shingen kwastan, domin a cikin memori take tafiya.

Babu musu, a shagunan masu cajin waya da tura waƙoƙi, waƙoƙin fim ne ke kan gaba. Su Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker su ne masu kasuwa. Amma akwai wani rukuni na samari, musamman masu leƙawa Gaya da Doso da Yamai, waɗanda kunnensu ya kamu da kiɗan jitar Abzinawa, wanda Turawa ke sanyawa a sahun kiɗan rok. A cikin waɗannan samari ne ake tafka wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: shin wasan da aka ɗauka a bainar jama'a, da ihunsa da ƙurarsa, ya fi daɗi, ko kuwa wanda aka shiga situdiyo aka tace? Mawaƙin da aka fi kafa hujja da shi kuwa shi ne Mdou Moctar.

Daga Sakkwato aka faro

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa masoya fim da wani Ba'abzine mai kaɗa jita? Ai kuwa akwai alaƙa, mai ƙarfi ma. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan asalin yankin Tawa ne a Nijar, daga baya ya yi suna a Agadas. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke.

A cikin 2008 ya shigo Sakkwato ya ɗauki albam ɗinsa na farko mai suna Anar. Duk wanda ya saurare shi zai ji ƙanshin waƙoƙin fim na wancan lokaci: gangar kwamfuta da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa, irin wadda ta cika situdiyoyin Kano da Kaduna. Bambancin kawai shi ne da harshen Tamashek ya rera. Albam ɗin bai shiga kasuwa yadda aka saba ba. Ta bulutut ya bazu, daga waya zuwa waya, har ya tsallaka Mali. A can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙar Tahoultine, ya sa ta a faifan Music from Saharan Cellphones, wanda ya fito a 2011.

Shi dai wannan Kirkley shi ne ya ba da umarnin fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda aka ɗauka a Agadas, Mdou ya fito a matsayin jarumi. An gina labarin ne a kan Purple Rain, fim ɗin marigayi Prince na 1984. Wato dai yadda wasu furodusoshinmu ke ɗauko labarin Indiya su sa masa riga da hula, haka aka ɗauko na Amurka aka naɗa masa rawani.

Bayan nan tauraruwarsa ta haska. A 2019 ya fitar da Ilana, wanda aka ɗauka a situdiyo a birnin Detroit na Amurka tare da cikakkiyar ƙungiyarsa. A 2021 kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime, albam ɗin da ya kai sunansa ko'ina a duniya. To, sai a 2022 aka fito da wasu faifai biyu, Niger EP na ɗaya da na biyu. Waɗannan ba aikin situdiyo ba ne. An tattaro su ne daga wasannin da ƙungiyar ta yi a gida Nijar tsakanin 2017 da 2020, a wuraren biki da wajen gwaji da cikin gidajen mutane. Irin waɗannan faifai, haɗe da tulin bidiyon biki da ake ɗauka da waya, su ne suka raba kan masoya.

Masu son ƙura

Rukuni na farko su ne masu cewa in ba a gaban jama'a ba, ba a ji Mdou ba. Hujjarsu ita ce wannan kiɗa ɗan biki ne. A fili aka haife shi, da janareto da lasifika biyu da taron samari masu tayar da ƙura. A wasan fili waƙa ba ta da iyaka: sai ta fara a hankali, mai ganga Souleymane Ibrahim ya riƙa ƙara mata wuta, Ahmoudou Madassane ya riƙe gindin kiɗan da tasa jitar, shi kuma gogan naka ya saki yatsu har sai mata sun ɓarke da guɗa. A wurinsu wannan guɗar da tafin da ihun yara ba ƙazanta ba ne, suna cikin kiɗan. Suna ganin in ka cire su kamar ka dafa miya ne ka hana ta daddawa.

Sukan kuma kawo misali da na gida. Wai su wa suka taɓa raina kaset ɗin Alhaji Mamman Shata don an ji muryar maroƙi ko ƙarar jama'a a ciki? Tsofaffin faifan Narambaɗa ma da shuuu ɗinsu ake saurare har gobe, ba wanda ya ce a jefar. Shi kansa kiɗan jitar Abzinawa da haka ya taso: a shekarun 1980 da 1990 waƙoƙin Tinariwen da na Abdallah Oumbadougou a rikoda ake ɗaukar su, a yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset har murya ta dusashe, amma ana rububinsu.

Masu son kwalliya

Rukuni na biyu kuwa cewa suke yi wannan duk son zuciya ne. Su a ganinsu inganci shi ne ka ji kowane kayan kiɗa a mazauninsa. A yawancin ɗaukar biki, jita ce ke danne komai. Muryar mawaƙi ta nutse, bes ɗin Mikey Coltun ya ɓace, ganga ta koma kamar ana dukan langa. Ga iska na busa makirfo, ga ƙugin janareto. Suna tambaya: in mutum ya sa kuɗinsa aka tura masa waƙa, don me zai sha hayaniya?

Mafi yawan waɗannan 'yan fim ne na gani-kashe-ni, kunnensu ya saba da sautin fiyano mai santsi tun zamanin Sangaya. Wasunsu ma har yau Anar suka fi so a kan duk abin da ya biyo baya, saboda ya fi kusa da abin da suka sani. Kuma suna da wata magana mai nauyi: waƙoƙin Mdou ba na rawa kaɗai ba ne. Afrique Victime kuka ne a kan halin da Afirka ke ciki, haka ma Funeral for Justice na 2024. In kalmomi suka nutse a cikin ƙara, saƙon ya tafi a banza, ko ga mai jin harshen.

Laifin wa?

Akwai rukuni na uku, su ne masu shagon turawa da masu gyaran waya da masu ba da hayar lasifika a biki. Su nasu ganin shi ne ɓangarorin biyu na faɗa ne a kan abin da ba su bambance ba. Domin kalmar ɗaukar fili ta haɗa abubuwa biyu da ba su yi kama ba.

Na farko shi ne wanda ma'aikacin sauti ya ɗauka, ya kafa makirfo a inda ya dace ko ya ja waya daga na'urar haɗa sauti, sannan ya koma ya daidaita. Irinsa ne faifan Niger EP, haka ma Live in Amsterdam na Bombino da ya fito a 2020. Na biyu kuwa shi ne wanda wani ɗan biki ya ɗaga wayarsa ya ɗauka yana tsaye a bakin lasifika. Makirfon waya don magana aka yi shi. In ƙara ta fi ƙarfinsa sai ya yanke kan sautin, shi ne kake jin kiɗa na tsagewa kamar ana yaga ƙyalle. Wannan kuwa in ya auku da wuya a gyara shi ya dawo daidai, ko da kwamfuta.

Sai kuma matsi. Minti ɗaya na sautin sidi yana cin kusan megabayit 10, amma in aka mayar da shi MP3 na yau da kullum sai ya dawo kusan megabayit 1. A kiɗa mai sauƙi kunne ba ya cika lura. A kiɗan da jita ke kururuwa, faranti na ƙara, jama'a na tafi, nan take asara ke bayyana. Turawa ta bulutut ko Xender ba ta rage komai, kwafi ne daidai wa daida. Inda ake ɓarnar shi ne wajen ƙanƙanta fayil don ya shiga ƙaramin memori, ko bidiyon da ya bi ta WhatsApp aka matse shi, wani ya sake ɗora shi a Facebook, wani ya sauke ya ciro sautin. Kafin ya iso bakin kogi ya sha wuya. Daga ƙarshe a kunna shi a lasifikar waya, wadda ba ta iya fitar da bes sosai, sannan a ce ƙungiya ba ta iya ba!

Shawarar waɗannan ita ce kafin ka yanke wa faifai hukunci, ka tambayi asalinsa, ka duba girman fayil ɗin, sannan ka saurare shi da iyafis mai kyau ko babbar lasifika. Da yawa daga masu kushe sukan sassauto in sun yi hakan. Amma fa ba duka ba, don wanda bai son guɗa a cikin waƙa ba zai so ta ba ko da an wanke ta da sabulu.

Abin da ya shafe mu

A nan ne zancen ke juyowa gida, kuma a nan ne muryoyi ke tashi. Masu son ƙura sukan jefa wa 'yan fim tambaya: ku ina naku faifan na bainar jama'a? Gaskiya ɗaya ce, a mafi yawan wasannin gala da na Sallah, sidi ko kwamfuta ake kunnawa, mawaƙi ya riƙe makirfo yana mamin. In ka ɗauki irin wannan wasa, me ka ɗauka? Waƙar da ke cikin wayarka ce, an ƙara mata ihu. Ba sabon baiti, ba sabon salo, ba kuskuren da zai nuna maka cewa ɗan Adam ne ke aikin.

'Yan fim kuma sukan kare kansu da cewa ɗaukar makaɗa biyar da kayansu zuwa wasa kuɗi ne, kuma mai shirya wasa ba ya biya. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, da wasan fili ta gina sunanta, dare bayan dare, kafin albam ɗinta Kaani ya fita duniya a 2013. Ita ma Etran de L'Aïr ta Agadas a bukukuwa ta gwanance, kuma albam ɗinta na farko na 2018 a fili aka ɗauke shi, da hayaniyar unguwa a ciki. Ke nan talauci ba shi ne dukkan dalili ba. Akwai sabo, akwai kuma tsoron kada murya ta ba da kunya in babu na'ura.

Akwai wani ɓangare da duka rukunan ba su cika son a taɓo ba, wato haƙƙin mai waƙa. Kuɗin da ake biya a shagon turawa ba ya isa hannun Mdou, kamar yadda ba ya isa hannun mawaƙan Kano. Wayar da ta fito da shi duniya ita ce kuma ke raba aikinsa kyauta. Masu ɗaukar biki da waya su watsa ba tare da izini ba suna ganin talla suke yi wa mawaƙi, amma mummunar ɗauka na iya zubar da darajar wasan da aka sha wahala a kansa.

Muhawara dai ba ta ƙare ba, kuma da wuya ta ƙare. Abin da ya fito fili shi ne tsabtar sauti daban, rai daban, kuma faifan da ya dace shi ne wanda ya haɗa biyun. Masoya a Dole Kaina sun riga sun ji yadda abin yake in makaɗi ya tsaya a gaban jama'a da kayansa a hannu. Yanzu jira suke su ga wane ne a cikin mawaƙan fim zai fara kashe sidi, ya kira makaɗa, ya ce a ɗauka. Allah Ya ba mai rabo sa'a.