Fulgentiyus na Ruspe: Makiyayi a Gaban Sarki

Sau da yawa mukan ɗauka cewa tarihin ikilisiya bayan Augustin na Turai ne kaɗai. Amma ga wani ɗan Afirka, Fulgentiyus, wanda aka haifa a ƙasar da muke kira Tunisiya a yau, a ƙarshen ƙarni na 5. Ya fara aiki a matsayin mai karɓar haraji. Bayan ya karanta bayanin Augustin a kan Zabura 37, sai ya bar muƙaminsa ya shiga gidan sufaye, har ya zama shugabansu.

A lokacin, Bandalawa ne ke mulkin ƙasar tun da suka ci Kartaj a shekara ta 439. Suna bin koyarwar Ariyus, mai cewa Ɗan bai kai Uba ba. Sarki Tirasamund (496 zuwa 523) ya hana a naɗa sababbin bishop-bishop, domin ikilisiya ta mutu a hankali ba tare da an zub da jini ba. Shugabanni suka ƙi bin dokar, aka naɗa Fulgentiyus bishop na Ruspe wajen 508. Sarki ya kore shi tare da bishop kusan sittin zuwa tsibirin Sardiniya.

Wajen 515 sarkin ya kira shi Kartaj don muhawara. Fulgentiyus ya amsa masa a rubuce da ladabi, yana girmama sarautarsa, amma bai rage kome daga gaskiyar allahntakar Almasihu ba. Jama'a suka soma komawa gare shi, sai aka sāke korarsa. Bai dawo gida ba sai 523, da Hilderik ya hau gadon sarauta.

Mu lura, ba shi da soja ko dukiya. Ƙarfinsa ilimi ne da halin da ba a iya saya. Tun yana sufi wani limamin Ariyus ya sa aka yi masa dūka, ya kuwa ƙi kai ƙara don kada ya zama ramako.

Mu ma a ƙasar Haɗejiya mukan tsaya gaban hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma, a kan filin ɗakin sujada ko rabon tallafin ambaliya. Jaraba biyu ce: fadanci ko zagi. Fulgentiyus bai ɗauki ko ɗaya ba.

Tambaya don tattaunawa: me za mu iya sassauci a kai a gaban hukuma, me kuma ba za mu taɓa sayarwa ba?