Horar da Malaman Tarihi a Adamawa: Tsokaci Daga Sangere

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne. Da harshen Bata na buɗe baki, Hausa kuwa a firamare da kasuwar Jimeta na tsince ta, kafin Allah ya kawo ni wannan sashe. Manufar wannan maƙala ita ce bayani a kan irin horon da malamin tarihi yake buƙata kafin ya iya koyar da tarihin jiharsa da na garinsa, da kuma inda mu ɗaliban harshe muka shigo cikin lamarin.

Abin da ya jawo hankalina ya faru ne a hutun da ya wuce. Wani yayana da ke koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Sangere ya bar ni na zauna a ajinsa. Nazarin zamantakewa ya karanta, amma an ɗora masa tarihi saboda babu wani. Ya yi bayanin Borno da Oyo daidai gwargwado. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me sunan Sangere yake nufi?" Ya ce zai duba mata. Da muka fito ya ce mini, "Ƙanena, wallahi ba a taɓa koya mini ba." Dutsen Bagale kuwa ga shi nan muna hangensa.

Yadda giɓin ya samu

Ban ga laifinsa ba. Tun daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya. Da darasin ya ɓace, sai masu sha'awar karanta shi don koyarwa suka ragu. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, ta kuma sanar da zaɓen malamai 3,700 don horarwa, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. To, Adamawa tana da ƙananan hukumomi 21. In aka raba, kowacce ba za ta samu malami biyar cikakku ba. Bayan haka, horon da aka tsara wa ƙasa baki ɗaya ba zai tsaya a kan Girei ko Numan ba. Wannan aikin na 'yan gida ne.

Abin da ya kamata horon ya ƙunsa

Na farko, malami ya riƙe jerin manyan abubuwan da suka faru. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, ya zauna a Gurin, ya kafa Yola a 1841. Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso Yola a 1851, zamanin Lamiɗo Lawal. Turawan Ingila sun ci garin a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu, aka raba ƙasar Fombina tsakaninsu da Jamusawa. Ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ce ta tabbatar da Mubi da Ganye a cikin Nijeriya. An ƙirƙiro Gongola a 1976, Adamawa kuma a 1991. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya bayyana wa yaro dalilin da ya sa yake da dangi a Garwa, a Kamaru.

Na biyu, ya san inda zai nemi bayani. Akwai littafin Sa'ad Abubakar a kan Lamiɓe na Fombina na 1977, da na Kirk-Greene a kan Adamawa na 1958. Akwai gidan tarihi na fadar Lamiɗo a Yola, akwai Gidan Arewa da taskar adana takardu a Kaduna. Akwai kuma Sukur a Madagali, wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya, a 1999. Taron bitar da zai kai malamai fada su gani da idonsu ya fi wanda za a karanta musu takarda a raba kuɗin mota a watse.

Na uku, ya iya karɓar tarihi daga bakin dattawa: yadda ake neman izini, yadda ake naɗar murya, yadda ake rubuta wuri da rana, da yadda ake gwada maganar wannan da ta wancan kafin a kai aji.

Na huɗu, kuma mafi nauyi a ganina, shi ne adalci. Labarin Bagale da na ji a gida labarin turjiya ne. Abokina Bafulatani kuwa labarin nasara ya ji. Jikokin ɓangarorin biyu a benci ɗaya suke zaune. Malamin da ba a horar ba, ko dai ya tsallake darasin don tsoron rigima, ko ya koyar da ruwayar gidansu kawai. Wanda aka horar zai kawo ruwayoyin biyu, ya faɗi inda kowacce ta fito, ya koya wa yara tambaya maimakon gori.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Amsar tambayar yarinyar nan a harshe take. A Fulatanci, sangere na nufin sansanin yaƙi. Yola daga yolde take, wato tudu. Wuro gari ne, don haka Wuro Hausa shaida ce ta zaman Hausawa a Yola. Mayo kogi ne, kamar a Mayo Belwa. Rumde kuwa, wadda unguwa ce a Jimeta, asalin kalmar matsugunin bayi masu noma ne, kuma malami na buƙatar hikima kafin ya faɗi haka a gaban yaran unguwar. Ashe sunayen da kwandastoci ke kira a tasha darasin tarihi ne.

Ban da wannan, yawancin littattafan da Ingilishi suke, yaran Sangere kuwa, ko wane harshe suke yi a gida, Hausa ce ke haɗa su. Ana buƙatar masu fassara, da masu juya hira daga rikoda zuwa takarda bisa ƙa'idojin rubutu, da masu tsara kalmomin da malami zai yi bayani da su. Waɗannan duk abubuwa ne da ake koya mana a darussan fassara da adabin baka.

Kammalawa

Ina ganin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola, da ta jiha da ke Hong, da Jami'ar Modibbo Adama za su iya haɗa malaman tarihi da na harsuna su shirya bita a dogon hutu. Kafin nan, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai: wanda zai zaɓi batun kundin digiri ya duba sunayen unguwannin garinsu, in ya gama kuma ya kai kwafi makarantar da ya fito. Ni dai na rubuta wa yayana ma'anar sunaye goma a takarda guda, kuma ya ce da ita zai buɗe zango mai zuwa.