Aikin Gwamnati Ko Na Kamfani: Iyayenmu, A Sake Duba Lissafin

Idan yaro ya gama bautar ƙasa, Allah ya yi masa gyaɗar dogo takardun ɗaukar aiki biyu suka zo masa a lokaci guda, ɗaya daga ma'aikatar gwamnati ɗaya daga kamfani, to a yawancin gidajenmu an gama yanke hukunci tun kafin ya buɗe baki. Baba zai ce, "Kai, kama na gwamnati, kada ka saki reshe ka kama ganye." Kawu ya ƙara da cewa gwamnati ba ta mutuwa, ba ta kora, ga kuma fansho idan tsufa ya zo.

Masu wannan magana suna da hujja, domin abin da idonsu ya gani suke faɗa. Sun tashi a inuwar manufar Sardauna ta cika ma'aikatun Arewa da 'yan Arewa, lokacin da wanda ya fito daga Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya yake samun ofis da gidan gwamnati da rancen mota. Sun ga ƙarin albashin Udoji na 1974, wanda har yau dattawa ke ba da labarinsa. Sun kuma ga yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, magidanta dubbai suka koma gida, wasu suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Wanda ya ga haka da idonsa, ba a yi masa adalci ba idan aka ce tsoro ne kawai ke sa shi magana. Amma ina roƙon su saurare ni, domin ƙasar da suka yi wa wannan lissafi ta sauya.

Mu fara da fansho, tunda shi ne babban makamin. Tun 2004, zamanin Obasanjo, aka sauya tsarin fansho zuwa na adashe. Dokar da aka sabunta a 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10, a tara a asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ma'aikacin kamfani mai mutum 15 zuwa sama duk tsari ɗaya suke bi. Asusun kuma bin mutum yake yi: ya bar wannan aiki ya koma wancan, kuɗinsa na nan. Idan ma ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, doka ta ba shi damar cirar kashi 25 na abin da ya tara. Ke nan abin da mutum zai ci bayan ritaya ya dogara da yawan abin da aka zuba masa a shekarun aikinsa, kuma kashi 18 na babban albashi ya fi kashi 18 na ƙarami. A jihohin da ba su shiga tsarin sosai ba kuwa, kowa ya san tsofaffin ma'aikatan da suka yi shekaru suna safa da marwa kan giratuti. Da yawa daga iyayen da ke ba mu wannan shawara suna cikin layin da kansu, kuma wannan yana taɓa mini zuciya.

Batun cewa gwamnati ba ta kora ma tarihi bai goyi bayansa ba. Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata sama da 10,000 a 1975. Gwamnatin Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar da ta yi musu a 2017. A 2015 jihohi da dama sun kasa biyan albashi na watanni, sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki. Gaskiya ne kamfani ya fi saurin kora, ban musa ba. Amma akwai asarar da ke samun mutum yana zaune a kan kujerarsa ba wanda ya taɓa shi. An sa mafi ƙarancin albashi a naira 30,000 a 2019, bai motsa ba sai 2024 da ya koma 70,000. A tsakani an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000. Mai digiri da ya shiga a mataki na 8 sai ya jira shekara uku kafin ya cancanci ƙarin girma, komai ƙwazonsa, kuma ba shi da wanda zai zauna da shi su yi cinikin albashi.

Akan ce ai aikin gwamnati yana barin lokaci a yi kasuwanci a gefe. Kundin tsarin mulki ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci in ban da noma. Ba na jin daɗin a ce shawarar farko da za mu ba yaro ita ce ya karɓi amanar jama'a domin ya samu damar barin ofis da azahar.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun farko. Tsakanin shekara 25 da 30 ne hannun mutum yake faɗawa a sana'a, kuma a nan ne yake ɗaukar ɗabi'ar aikin da za ta bi shi har tsufa. Injiniyan da aka ajiye a ofishin da babu kuɗin aiki, yana sa hannu a rajista yana jiran ƙarshen wata, bayan shekara biyar karatunsa ya tsufa, kuma ba shi da abin nunawa. Abokinsa da ya sha rana a wurin gini ko ya kwana yana gyaran injin masana'anta a Sharaɗa ko Challawa, ko da kamfanin ya rufe, ya fita da abin da wani kamfanin zai biya shi dominsa. A lura kuma da ƙofofin: bankuna da manyan kamfanoni sukan sa iyakar shekara 26 ko 27 ga sababbin masu digiri, alhali gwamnati tana ɗaukar wanda ya fi haka nesa ba kusa ba. Na san shiga gwamnati daga baya yana da wuya, sau da yawa sai da ɗaurin gindi, amma ƙofar kamfani ta fi saurin rufewa.

Wannan ma'auni na koyon aiki wani lokaci gwamnati yake bai wa gaskiya, kuma dole in faɗa. Likitan da yake son ƙwarewa, asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika zai nufa. Matashin lauya a ma'aikatar shari'a zai iya tsayawa gaban alƙali tun da wuri. Malamin jami'ar gwamnati yana da damar ƙaro karatu da tallafin TETFund. Haka kuma ba duk abin da aka kira aikin kamfani ne aiki ba. Akwai wanda ke sa tufafin banki alhali ɗan kwangila ne ta hannun wani dillalin ma'aikata, ba ƙarin girma, ba horo, sai a ɗora masa neman masu ajiya. Irin wannan aiki idan ya zo tare da tayin gwamnati, ni ma zan ce wa yaron ya bi maganar Baba.

Saboda haka abin da nake roƙon Baba da Kawu shi ne su yi amfani da sanayyarsu wajen bincike kafin su yanke. A tambayo ko takardar kamfanin ta dindindin ce ko ta kwangila, da sunan wa aka rubuta ta, kuma ko ma'aikatansa suna ganin kuɗin fanshonsu na shiga asusu kowane wata. A ma'aikatar kuma a tambayo sashen da za a kai yaron, wanda zai zauna ƙarƙashinsa, ko akwai aikin yi a teburin, da ranar da aka biya albashin watan jiya. A nemo wanda ya shiga kowanne daga wuraren biyu shekara biyar da suka wuce, a zaunar da shi, yaron ya ji da kunnensa abin da ya iya yanzu wanda bai iya ba a da.