Taswira da Farautar Cuta

Cuta ba ta faɗa wa gari da ka. Tana bin ruwan da ake sha, da iskar da ake shaƙa, da nisan gida da asibiti. Shi ya sa masana lafiya ba sa tsayawa kan tambayar wa ya kamu, sai sun haɗa da a ina ya kamu.

A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin an ɗauka wari ne ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana ƙidayar mamata, ya ga sun taru kewaye da famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad. Ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon, daga baya ya zana taswirar da ta nuna wa kowa abin ƙiri-ƙiri.

Yau kwamfuta ke wannan aiki. Ana ɗora bayanai bisa juna: hoton tauraron ɗan Adam, sai rafuka da kududdufai, sai ruwan sama, sai inda marasa lafiya suka fito. Da haka ake bibiyar sanƙarau, wanda ke addabar yankin da ya tashi daga Senegal zuwa Habasha lokacin ƙura da zafi.

Amma inda muka fi ganin amfaninta shi ne yaƙi da shan inna. A da, masu rigakafi a Arewacin Nijeriya da taswirar hannu suke fita, wadda aka zana da biro: ga masallaci, ga kasuwa, ga gidan mai unguwa. Rugar da mai zanen bai sani ba, shi ke nan, an tsallake yaranta. Haka ma ƙauyen da ke kan iyakar gundumomi biyu, kowane ayari na zaton na ɗayan ne. Daga 2012 aka koma ga hotunan tauraron ɗan Adam, aka kuma ba ma'aikata wayoyi masu rubuta duk inda suka taka. Da yamma sai a duba allo, a ga lungun da aka tsallake, a koma masa. Ba wannan kaɗai ya kawo nasara ba, sarakuna da malamai sun taka rawa sosai, amma a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙwayar shan inna ta asali ta kau daga Afirka.

Sai dai taswira nuni take yi, ba ta yanke hukunci. Dole a je a gwada ruwan ko ƙasar. Kuma abin da aka ba ta shi take nunawa. Don haka, mai karatu, idan ka kai mara lafiya asibiti aka tambaye ka daga ina, faɗi ainihin ƙauyenku ko unguwarku, kada ka ambaci babban gari don gudun dogon bayani.