Gonar da Aka Mayar Daji a Ingila

A shekarar 2001, bayan noman alkama da kiwon shanun madara sun daɗe suna jawo musu hasara a ƙasa mai laka, Charlie Burrell da matarsa Isabella Tree suka bar gonarsu ta Knepp, mai eka 3,500 a kudancin Ingila, ta koma daji, suka saki shanu da dawakai da aladu a cikinta, har a 2020, cikin hikimar Ubangiji, farar shamuwa ta ƙyanƙyashe a can bayan ƙarnuka. Sai dai akwai masu sukar wannan mataki, kuma hujjarsu ba ta da rauni, domin Birtaniya kimanin kashi 60 cikin 100 na abincinta take nomawa, kuma alkamar da aka fasa shukawa a gonar, ala tilas wata ƙasa ce za ta noma ta.