Wayar Kuloci a Tsohuwar Mota: Yadda Ake Ɗaura Ta

Duk bakaniken da ke tayar da tsohuwar Volkswagen Beetle, mai ƙirar kunkuru da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, sai ya yi fama da wayar kuloci. Irinta ce masu babur suka saba canzawa, sai dai ta mota ta fi kauri da tsawo, kuma ƙafa ke jan ta. Ba ta buƙatar man birki kamar kulocin da ke aiki da ruwa, shi ya sa ko garejin bakin hanya zai iya da ita.

Injin Beetle a baya yake, don haka wayar kan taso daga ƙugiyar feda, ta bi bututu ta ƙarƙashin mota har akwatin giya. Ana shafe ta da giris kafin a zura. Dab da giya akwai guntun bututu mai lanƙwasuwa wanda dole a bar shi ya ɗan yi ciki. Idan ya miƙe sambal, motar za ta riƙa karkarwa wajen tashi, a yi ta zargin farantin kuloci a banza.

Sai saiti, da noti mai fukafukai a ƙarshen wayar. A bar feda ta yi wasan milimita 10 zuwa 20 kafin ta fara ja. In aka matse fiye da kima, kuloci zai riƙa zamewa, boris ya cinye. In ta yi sako-sako, giya ta ƙi shiga sai da gurnani. Sabuwar waya takan ɗan miƙe, don haka a sake duba saitin bayan 'yan makonni.