Gane Mahaɗin Ma'ajiyar Laftof Kafin Sayen SSD

SSD ma'ajiyar bayanai ce wadda babu faifai mai juyawa a cikinta, ƙananan guntayen lantarki ne ke riƙe bayanan. Shi ya sa laftof ɗin da aka cire wa tsohuwar ma'ajiya mai faifai aka sa mata SSD takan tashi cikin 'yan daƙiƙu. Sai dai SSD iri-iri ce, kuma mahaɗin da ke cikin kwamfutar, wato bakin da ake soka ma'ajiyar, shi ke nuna wadda za ta karɓa.

Wanda ya fi yawa a tsofaffin laftof shi ne SATA na inci 2.5. Ma'ajiyarsa 'yar akwati ce mai faɗin kusan milimita 70, bakinta kuma kashi biyu ne: haƙora 7 na bayanai da 15 na wuta. Duk laftof ɗin da ta zo da ma'ajiya mai faifai irin wannan tana karɓar SSD ta SATA, wadda gudunta ba ya wuce kimanin megabayit 550 a daƙiƙa. Kaurin yawancinsu milimita 7 ne, don haka suna zama a gurbin milimita 9.5 in an ɗan tokare su. Akwai kuma mSATA, ɗan kati da ya yi tashe a farkon shekarun 2010 kafin a daina yayinsa. Bakinsa daidai yake da na tsohon katin Wi-Fi, amma haɗin wayoyinsu daban ne.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne M.2, siririn katin da ya bayyana wajen 2013. Da farko akwai batun tsawo. Lambar da ake rubuta masa awo ce: 2280 na nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, haka ma 2242 da 2230. Ramin kusar da ke danne ƙarshen katin shi ke nuna tsawon da gurbin ya tanada. Sai batun giɓi. A jerin haƙoran katin akwai tsaga da ke hana shi shiga bakin da ba nasa ba. Idan tsagar ta bar haƙora 5 a gefe, sunanta M. Idan 6 ta bari, sunanta B. Katin da ke da tsaga biyu ana kiransa B+M.

Abin da ido ba ya gani kuwa shi ne hanyar da bayanai ke bi. M.2 suna ne na siffa kawai. Wani katin ta hanyar SATA yake aiki, da gudun nan na megabayit 550, wani kuma ta hanyar NVMe, wadda ke kai kimanin 3,500 a baki mai nau'in PCIe 3.0, ta kusan ninka haka a PCIe 4.0. Galibi katin SATA tsaga biyu gare shi, na NVMe kuma tsaga ɗaya ta M, amma ba doka ba ce. Bakin da ke kan babban allon cikin kwamfuta ma haka: wani SATA kaɗai yake ji, wani NVMe kaɗai, wani duka biyun. Saboda haka kati yakan shiga ram, a ɗaure kusa, a kunna kwamfuta, ta ƙi ganinsa. Nan take a ce kayan jabu ne, alhali lafiyarsa ƙalau.

Wasu laftof ɗin ma babu abin canzawa a cikinsu. Masu araha da yawa wata ma'ajiya ce mai suna eMMC aka manne a kan allon cikinsu, haka kuma duk MacBook mai guntun lantarki na M1 da waɗanda suka biyo baya. Yawancin MacBook na tsakanin 2013 da 2015 mahaɗin Apple na kansa suke da shi, sai da adafta suke karɓar M.2.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a kifar da laftof a karanta cikakkiyar lambar samfurinta, sannan a nemo littafin gyaranta. Dell da HP da Lenovo duk suna ajiye irin waɗannan littattafai kyauta a intanet, kuma a ciki sukan faɗi irin mahaɗin da tsawon katin. Manhajar CrystalDiskInfo ma tana nuna ko ma'ajiyar da ke ciki SATA ce ko NVMe, ko da yake ba ta nuna gurbin da babu komai a cikinsa. Idan laftof ta hannu ce, kamar yadda akasarin na kasuwanninmu suke, gara a kashe ta, a cire caja, a buɗe bayanta, a zare batir, a gani da ido, domin ta yiwu wani ya riga ya yi mata canji.

Katin PCIe 4.0 yana aiki a bakin 3.0, amma da gudun 3.0, don haka ƙarin kuɗinsa ba ya sayo komai. Ga mai aikin ofis ko karatu, girman ma'ajiyar da ingancin kamfaninta sun fi lambar gudu muhimmanci, kuma ya kyautu a gwada ta a shago kafin a biya.